Aninin da na samo a Dalas

Daren da na iso Katsina, bayan shekara huɗu ban taka ƙasar gida ba, sai da aka yi isha'i, 'yan sannu da zuwa suka watse, zaure ya rage daga ni sai Baffa, sannan na ciro tsarabarsa. Turare da takalma duk an riga an shiga da su cikin gida. Ita wannan a aljihun gaban rigata na taho da ita tun daga Amurka, cikin wani ɗan kwali mai tagar leda. Na durƙusa na miƙa masa. Ya haska fitilar waya, ya kai abin kusa da ido, ya juya shi sau biyu.

"Kai, yaro! Anini! Ina ka samo wanga?"

"A Dalas, Baffa. Saye na yi."

"Anini ake saye da kuɗi?"

Sai na gyara zama na ba shi labarin tun daga farko.

Shekarata ta farko a Dalas, a jihar Tekzas, aikin dare nake yi a wani katafaren sito, daga ƙarfe goma zuwa shida na safe. Jiki ya saba da aikin cikin wata biyu. Zafin garin ma bai ba ni tsoro ba, wanda ya sha bazarar Katsina ba ya gudun Yulin Tekzas. Shirun ne ya kusa karya ni. A Rafindadi kafin ka isa masallaci ka gaisa da mutum goma, an tambayi iyali, an tambayi gajiya, an yi maka jajen akuyar da ta ɓata. A can na yi wata takwas ban san sunan maƙwabcina ba. Gaisuwarsu kalma biyu ce, mai yin ta kuma ba ya tsayawa jin amsa. Ran Juma'a kaɗai nake jin ni mutum ne a cikin mutane, da an sallame kowa ya nufi motarsa.

Akwai wani abokin aikina, baƙar fatar Amurka ne, ya haura hamsin, haifaffen Hustan. Ran da ya ji daga Nijeriya nake, ya ajiye kwalin da ke hannunsa ya ce, "Olajuwon!" Ɗan wasan ƙwallon kwandon nan ɗan Nijeriya yake nufi, ni kuwa sunan kawai na sani. Shi ne ya matsa mini wata Asabar in raka shi bajekolin kati da ake yi a zauren taron wani otal a arewacin gari. Na bi shi ne don kada in sake wuni ni kaɗai a ɗaki.

Tun daga ƙofa na ji wani abu da na daɗe ban ji ba: hayaniyar kasuwa. Tebura jere-jere, kowanne da akwatin gilashi, ciki katuna masu hoton 'yan wasan ƙwallon kwando da na ƙafa da besbol, ga na Pokémon da yara suka yi wa dafifi. Tsofaffi masu furfura, iyaye riƙe da hannun 'ya'yansu, yaro ɗan shekara goma da 'yar jakarsa yana yawo tebur zuwa tebur neman musaya. Abin da ya tsayar da ni cak shi ne na ga ana ciniki. A shagunan Amurka farashi a rubuce yake, ka biya har da haraji ka wuce. A nan kuwa mai saye ya taya, mai kaya ya girgiza kai, irin girgizar da a kasuwar Charanchi take nufin albarka, a ja, a sassauta, a ƙirga tsabar kuɗi a tafa. Har dillalai na gani, masu saye a wannan kusurwa su kai waccan su ci riba. Na ji ƙirjina ya saki.

Abokina ya yi mini bayanin sana'ar. Katin ba kome ba ne sai takarda mai kauri, darajarsa na ga ƙarancinsa da kuma lafiyarsa. Akwai kamfanoni, wanda ya fi suna shi ne PSA, da ake aika wa kati su duba kusurwoyinsa huɗu, da gefensa, da fuskarsa, da daidaiton hoton a tsakiya, su ba shi maki daga 1 zuwa 10, su rufe shi cikin roba mai tauri. Lanƙwasar da ido da ƙyar yake gani tana iya zubar da fiye da rabin kuɗin. A 2022 an sayar da katin wani ɗan besbol, Mickey Mantle, bugun kamfanin Topps na 1952, a kan dala miliyan 12.6. Na ce masa ya sake faɗa, ya sake.

Wani ɓangaren kasuwar bai kwanta mini ba, har yau kuma bai kwanta ba. Ana sayar da katuna a rufe cikin ƙunshi, ba ka san abin da ke ciki ba sai ka yage. Na ga wani matashi ya sayi ƙunshi bayan ƙunshi yana yagewa, hannunsa na rawa, yana neman kati guda mai tsada da bai fito ba. Ko da wane suna aka kira wannan, ƙamshin caca nake ji a jikinsa, kuma yara ake koya wa. Ban taɓa sayen rufaffe ba.

Abokina ya kai ni gaban katin da ya fi so, na Olajuwon, bugun kamfanin Fleer na 1986, tun ana rubuta sunan Akeem, kafin ya gyara shi zuwa Hakeem a 1991. Ya ba ni labarin kofi biyu da ya ciyo wa Hustan a 1994 da 1995, da yadda yake buga wasa da azumi a bakinsa cikin Ramadan, abin da ya ce duk garinsu ya sani ya kuma girmama. Mutumin nan ba Musulmi ba ne, amma daga ranar ya daina cin abinci a gabana idan ina azumi.

A wani tebur na ƙwallon ƙafa na yi ta tonon kwalin masu araha har na ci karo da Rashidi Yekini cikin koriyar riga, na gasar duniya ta 1994. Ina ɗan shekara goma muka kalli wasan nan da Bulgeriya a talabijin ɗin maƙwabta, tsakar dare, an ci su uku da nema. Yekini ya jefa ta farko, ƙwallon Nijeriya ta farko a gasar duniya, ya kama raga yana kuka yana ihu, unguwa ta ɗauka. Mai teburin ya ce, "Ka san a nan aka buga shi? Filin Cotton Bowl." Filin da jirgin ƙasa ke wucewa da ni ta kusa da shi, ban taɓa sani ba. Na biya dala biyar, bayan na taya uku.

Teburin tsofaffin kuɗi yana can ƙurya, wurin da ba cunkoso. Wani tsohon Bature ne da gilashin ƙara girma rataye a wuya. Cikin kwalin kuɗin ƙasashen waje na hango mai huji, da tauraro mai tsini shida. Hannuna ya riga tunanina isa gare shi. Tsohon ya ce kuɗin Afirka ta Yamma ne na zamanin Ingilishi, ya nuna mini shekarar, 1936, da sunan Sarki Edward na Takwas, wanda ya sauka daga gadon sarautar Ingila a Disambar shekarar tun ba a naɗa masa kambi ba. Ya ce a Ingila kuɗi mai sunansa bai shiga hannun jama'a ba, amma namu ya shiga, don hujin tsakiya ya sa ba a bukatar hoton fuskarsa. Sannan ya nuna rubutun Larabci da ke jiki, ya ce shekara da shekaru yana sayar da irinsa bai san yadda ake furta shi ba.

Na karanta masa: ushuri, wato ɗaya bisa goma na kwabo, kalmar da muka sani a babin zakkar hatsi. Na ce a garinmu sunansa anini. Ya ciro biro ya ce in maimaita. Na jero masa su kamar yadda kakata take jerowa: anini goma kwabo, rabin kwabo ɗari, kwabo uku taro, shida sisi, goma sha biyu sule, sule ashirin fam guda. Na gaya masa an daina kashe su, Naira ta zo a 1973, amma har gobe Bahaushe in ya tsiyace cewa yake ba shi da ko anini, ko sisin kwabo. Yana rubutawa yana tambaya, yana jira in gama amsa. Tun zuwana ƙasar ba wanda ya tambaye ni abin da bai sani ba ya kuma tsaya saurare, sai ranar. Mun fi awa guda. Yanzu duk kuɗin da ya shigo hannunsa da rubutun Larabci sai ya kira ni, kuma daidai yake furta sunana.

Baffa ya yi shiru yana lissafi. "1936. Sarki Dikko na bisa gado ke nan. Ko ni ba a haife ni ba." Ya ce suna yara a zare ake shirya su, mata su ƙulle a bakin zane. Ya ce kakata ta bar gwangwani cike da su a adudunta, wasu aka yi matashin ƙusa da su ran da aka yi wa ɗakin tsakiya rufin kwano, sauran 'yan gwangwan suka auna da tsohon ƙarfe. Maganar ta soke ni. Na ƙetare teku na sayi guda ɗaya dala uku, alhali gwangwani guda ya fita ta zauren nan da muke zaune.

Tsohon Baturen ya gargaɗe ni kada a taɓa fuskar kuɗin da yatsa, gumi yana ɓata shi. Ina kallo Baffa ya ɓalle kwalin da farce, ya zazzage aninin a tafinsa, ya murza shi da babban yatsa. Ban ce uffan ba. Ya ɗaga murya ya ce a miƙo masa zare daga cikin gida, ya zura ta hujin, ya ƙulla shi a jelar carbinsa, ya ce gobe in an taso makarantar allo a tara masa jikokin.