Loma uku a gidan surukaina

Da na dawo daga Alƙahira, inda aka yi min aikin rage tumbi don in rage ƙiba, ban gaya wa kowa ba sai maigidana da Umma. Sauran dangi na ce musu duba lafiya na je. Kunya nake ji a ce na kasa kame bakina har sai da aka sa min wuƙa. Ƙannena masu shirin wannan aiki, ku ji abin da kunyar ta jawo min.

A irin aikin da aka yi min, likita yana yanke kusan kashi 80 cikin 100 na tumbi ya fitar, ya bar wani siriri kamar ayaba. An ba ni takarda kafin sallama: satin farko da na biyu ruwa-ruwa kawai, romon da aka tace, madara, yogot mara sukari. Daga nan sai markaɗaɗɗen abinci, sai mai laushi irin ƙwai da kifi. Abinci na sosai sai wajen sati 6 zuwa 8, don ɗinkin ciki bai gama kamewa ba.

A sati na huɗu aka yi suna a gidan surukaina. Hajiya da kanta ta dire min kwanon tuwon shinkafa da miyar taushe, ta ce, "Ke tun da kika dawo ba kya cin komai, ko laifi muka yi miki?" Wace ce za ta ce wa uwar miji a'a a gaban mutane? Na wanke hannu. Kun dai san tuwo ba taunarsa muke ba, a gutsura, a dangwali miya, a haɗiye. Loma ta uku ta tsaya min a ƙahon zuciya kamar an cusa dutse. Wani yawu mai yauƙi kamar kuɓewa ya cika min baki. Na fi rabin awa durƙushe a bayi ina kakari, ina jin matan tsakar gida suna ƙus-ƙus wai ciki ne da ni. Har wata gwaggo ta yi guɗa. Ba su san likita ma ya ce kada in yi gangancin ɗaukar ciki sai bayan wata 12 zuwa 18 ba.

Allah ne ya tsare ɗinkin bai buɗe ba. Da tun farko na faɗa wa Hajiya gaskiya, da ita ce za ta kare ni daga masu "ci mana". Ku zaɓi babba ɗaya a kowane gida da kuke shiga ku gaya masa, ko da sauran ba su sani ba.

Azumi ya zo ina wata na biyar. Likita ya ce in bari, na ce a raina shi bai san azumin Kano ba, kowa na yi ni zan zauna ina kurɓar ruwa? Matsalar ita ce mai irin cikina ba ta iya kwankwaɗar kofi biyu a sahur ta ajiye. Lita ɗaya da rabi da ake so in sha a rana, kurɓi-kurɓi nake tara ta daga asuba zuwa dare, kuma ba a haɗa ruwa da abinci, sai an ba da tazarar minti 30. Tsakanin magariba da asuba lokacin bai isa ba. A rana ta uku aka kwashe ni aka sa min ƙarin ruwa. Malaminmu na Islamiyya ya yi min faɗa sosai, ya ce Allah Ya yi wa mara lafiya rangwame ya rama daga baya, ni ce na ƙi karɓa.

Kuskuren da ya fi cin raina shi ne wanda ba ya ciwo. Tun da tuwo ya horar da ni, sai na gudu wajen abin da ke sulalewa: kunun gyaɗa, shayi mai kauri, biskit a tsoma, fura da nono da sukari cokali uku. Waɗannan ba sa zama a tumbi balle su ƙosar, wucewa suke, bayan awa ɗaya in ƙara. Wani lokaci furar ta kayar da ni, zufa ta karyo, zuciya na bugawa, jiri, sai gudawa, saboda sukarin ya afka hanji gaba ɗaya. Duk da haka na ci gaba. A wata na bakwai sikeli ya tsaya cak, na fara zargin likitan ya cuce ni.

Mai ba da shawarar abinci ce ta sa na rubuta duk abin da na ci na kwana uku. Da ta duba, furotin, wato sinadari mai gina jiki, da nake samu bai kai rabin giram 60 zuwa 80 da ake nema a rana ba. Ƙwai ɗaya giram 6 kacal yake bayarwa, ku yi lissafi. Ta juya min tsarin faranti: kifi, kaza, ƙwai, wake ko awara su fara shiga, sai ganye irin zogale, shinkafa ko tuwo a ƙarshe in akwai sauran wuri, galibi kuma babu. Tsire da kilishi sun daɗe suna maƙale min saboda bushewa, farfesu ya fi sauƙi.

Ƙwayoyin bitamin kuwa na daina saya don tsada, ina cewa ai na warke. Mai kitsona ce ta fara nuna min gashi cike da mataji, sannan tafin ƙafata ya fara yi min tsatsa-tsatsa kamar ana tsira min allura. Gwajin jini ya nuna ƙarancin bitamin B12 da sinadarin ƙarfe. Ɓangaren da aka yanke yana cikin masu taimakon jiki ya tsotsi B12, shi ya sa shan ƙwayoyin bitamin na har abada ne. Kuma in kun je kemis neman maganin ciwon jiki, ku faɗi aikin da aka yi muku kafin yaron kanti ya miƙo ibuprofen ko diclofenac, suna iya haifar da gyambon ciki.

Yanzu gorar ruwa ba ta barin jakata, ina tauna loma har sai ta zama kamar kunu, bayan la'asar in zaga unguwa minti 30, kuma ba na kwanciya sai abincin dare ya yi awa biyu, in ba haka ba ƙwannafi ya hana ni barci. Hajiya kuwa sai bayan shekara na gaya mata. Ta yi shiru, ta ce, "Shi ne kika bar ni na dinga ɗura miki tuwo?" A sunan da aka yi bayan Babbar Sallah, ɗan farantin shayi ta aiko min da shi, yankan kifi ɗaya a kai, ta kuma zauna kusa da ni tana harare duk wadda ta matso da kwano.