Ƙanina da Sanƙarau Ya Ɗauke a 1996

Ƙanina yana cikin dubban mutanen da annobar sanƙarau ta ɗauke a arewacin Najeriya a bazarar 1996, a lokacin bai kai munzalin aure ba. A ƙauyenmu da ke kusa da Ringim an san shi da ƙwazo a makarantar allo, kuma shi ne yake kai wa Baba fura gona, yana tafe yana maimaita karatunsa da ƙarfi har mata su leƙo ta danga. Ciwon ya fara da zazzaɓi da sandarewar wuya, kuma kafin a samu motar da za ta kai shi asibiti, rai ya yi halinsa. Inna ta daɗe ba ta iya ambatar sunansa. Allah ya jiƙansa da rahama.