Soket ɗin tirela da wahalar da yake ba direbobi

Shagona yana Gombe, bakin hanyar da ta fita zuwa Bauchi, kuma wayarin mota ne abincinmu, ni da yaran da ke koyon aiki a hannuna. Muna gyaran kik da altaneta da fitilu, amma abin da ya fi tsayar da manyan motoci a ƙofarmu shi ne ɗan soket ɗin nan da ke kai wuta daga kan mota zuwa tirelar da take ja. Masu ɗauko siminti daga Ashaka, masu hatsi, masu lodin shanu zuwa Kudu, duk kukansu ɗaya: fitilun baya sun ɗauke, ga dare ya kawo kai, ga jami'an kiyaye haɗurra a hanya.

Babbar mota irin DAF ko MAN tana aiki da bolt 24, batir biyu masu bolt 12 aka jera. Soket ɗin da aka fi gani yana da ƙafa bakwai, kowace da launin wayarta. Ja ta birki ce, rawaya siginar hagu, koriya siginar dama, baƙa da ruwan ƙasa na ƙananan fitilun baya, shuɗiya kuma an ware ta ne don birkin tirela. Saura fara, wadda muke kira at, ta cikinta wuta ke komawa batir. Ƙaramar mota irin Hilux mai jan tirelar janareto ko ta kayan sauti ita ma ƙafa bakwai ne da ita, sai dai bolt 12 ce kuma jerin ƙafafun ya bambanta. Duk wanda ya haɗa wannan da lissafin waccan zai taka birki ya ga sigina na kamawa.

Farar wayar nan ita ce uwar matsala, kuma ita ce direbobi suka fi rainawa. Direba zai shigo ya ce, "Maigida, ƙwai ne ya mutu, canza min in wuce." Ni kuwa sai na sa yaron motarsa ya taka birki ya kunna sigina a lokaci guda. In na ga fitilun baya duka suna ƙyaftawa tare, dishi-dishi, na san ƙwai lafiyarsa lau. At ce ta saki, wutar ta rasa hanyar komawa, shi ne take ratsawa ta cikin sauran ƙwayayen. Abin da ke ruɗa mutane shi ne wani lokaci fitilar tana kamawa ko da farar wayar ta tsinke, domin wuta tana satar hanya ta farantin da ake ɗora tirela a kai. To, farantin nan cike yake da giris. A tsaye komai na aiki, da mota ta faɗa rami ko ta sha kwana, sai duhu.

Me ke kashe soket? Da hunturu ƙura ce, da damina ruwa, har ƙafafun su yi kore. Ga jijjiga da ke kwance ƙananan sukurorin da suka riƙe wayoyin. Ga kuma yaron mota da zai cire kai daga tirela ya manta bai zare filogi ba.

Gyaranmu ba gaggawa a ciki. Mukan kwance soket ɗin gaba ɗaya, mu yanke bakin kowace waya har sai mun tarar da jan ƙarfe mai sheƙi, mu goge ƙafafun da sanfefa mai laushi. Wasu ƙafafun a tsage suke, in sun matse sai a ɗan buɗa su da bakin wuƙa don su kama ramin sosai. Mu ɗaure sukurori, mu matse maƙogwaron filogin a kan rigar kebul ɗin, yadda in an ja, roba ce za ta sha wahala ba waya ba. Sannan mu ja at daga soket har jikin ƙarfen tirela, a wurin da muka kankare fenti da tsatsa. Murfin soket in sifirin ɗinsa ya karye nakan ce a canza, kada a ɗaure shi da leda.

Abu biyu ne ba na yi ko nawa za a ba ni. Ba na murɗe waya da waya in naɗe da salatef, domin zafin Gombe yana narkar da gam ɗin, ba a jima ba a dawo. Kuma ba na sa silin waya a madadin fiyus. Fiyus da ke yawan ƙonewa yana nuna akwai inda waya ta goge tana taɓa ƙarfe. In ka toshe bakinsa, wayarin motar ne zai kama da wuta, ga lodi a baya.

Wayar kanta sai an lura wajen saye. Kasuwa ta cika da alminiyom da aka yi wa rufin jan ƙarfe. Kankare ta da wuƙa, in cikin ya fito fari, mayar wa mai ita. Irin wannan ba ta jure lanƙwasa, kuma kebul ɗin da ke tsakanin kai da tirela lanƙwasa yake sha a kowace kwana. Shi ya sa nake sa mai mota ya riƙe ta da hannunsa ya gani kafin mu yi ciniki, don kada ya ce na tsawwala masa kuɗi.