Chisobibra: ƙauyen Garo da sunansa ke nuna mahaɗar ruwa

Duk Bakanon da ya ji an ambaci Garo, garin nan na ƙaramar hukumar Kabo ne zai fara faɗo masa a rai, kuma ni ma can hankalina ya tafi ranar da wani abokin karatuna a ƙasar Indiya ya ce mini shi mutumin Garo ne. Har na miƙa masa hannu ina cewa ashe na gida ne, shi kuwa yana kallona da mamaki, sai da muka ɗauki lokaci kafin kowa ya gane inda ɗan'uwansa ya dosa. Garon da yake nufi al'umma ce da ke zaune a tsaunukan yammacin jihar Meghalaya, a arewa maso gabashin Indiya, wasunsu kuma suna jihar Assam da arewacin Bangladesh, kuma babu abin da ya haɗa su da Garon Kano illa kamannin suna. Sunan ma baƙi ne suka laƙaba musu, domin a tsakaninsu A·chik Mande suke kiran kansu, wato mutanen tudu. Wannan ɗigon da ke tsakiyar kalmar alama ce ta ɗan tsayawar murya a maƙogwaro, irin wadda muke yi a cikin "sa'a" ko "a'a", shi ya sa furta kalmar bai ba ni wahalar da yake ba sauran ɗalibai ba.

Abokin nawa daga yankin Williamnagar, wani gari a tsaunukan nasu, ya fito, kuma shi ne ya fara rubuta mini sunan Chisobibra a bayan littafina. Ya rubuta shi da manyan baƙaƙe, sannan ya ja layi ya raba shi biyu. Chiso sunan wata ƙorama ce, kuma "chi" da ke farkonta ruwa ke nan a harshensu, shi kuwa "bibra" shi ne bakin rafi, wurin da yake zubawa a cikin babban kogi. Babban kogin a nan shi ne Simsang. Ke nan wanda ya ji harshen, ko bai taɓa taka ƙauyen ba, ya san cewa idan ya bi gaɓar Simsang har inda Chiso ta shigo, to ya iso. Daga wannan rana na kamu da son bin taswirar wannan kogi ina tsinke sunaye, kuma abin da na lura da shi shi ne cewa mutanen nan sun fi yarda da ruwa da dutse da itace a matsayin shaidar wuri fiye da sunan sarki ko na mai mulki.

Kogin Simsang yana tasowa ne daga tsaunukan Nokrek, waɗanda ƙololuwarsu ta kai mita 1,412, ya nufi gabas ta Rombagre da Williamnagar, ya wuce Nongalbibra, garin haƙar kwal wanda shi ma sunansa bakin wani rafin ne, sannan ya karkata kudu ta Siju da Baghmara ya shiga Bangladesh. A wannan tafiya kaɗai akwai darasin harshe guda. Ƙarshen suna "gre" yana nufin mazauni ko ƙauye, don haka Simsanggre ƙauyen Simsang ne, Chibragre da ke kusa da Tura, babban garin tsaunukan Garo, kuwa ƙauyen mahaɗar ruwa ne, inda Ganol da Rongram suke haɗuwa. "Rong" da ake yawan gani a farkon sunaye, kamar Rongrenggre da Rongjeng, daga kalmar dutse ya fito, "bol" itace ne, "wa·" kuwa gora. Sanannen kogon nan na Siju, su Dobakkol suke ce masa, wato kogon jemagu, kuma duk wanda ya san warin kogon da jemagu suka daɗe a ciki zai yarda cewa ba a yi ƙarya a sunan ba.

Akwai kalmomi biyu da suka fi jan hankalina, su ne "songgital" da "songgitcham", sabon ƙauye da tsohon ƙauye, waɗanda ake liƙa wa sunan wuri ɗaya a rarrabe su. Dalilinsu yana cikin yadda ake noma. Manomin tudu a can yakan sassabe gefen tsauni, ya bar itatuwa su bushe, ya cinna musu wuta kafin damina, ya shuka shinkafar tudu da gero da auduga da barkono da kabewa duk a gona ɗaya, bayan shekara biyu kuma ya bar ta ta zama saura ya koma wani gefen. Gidajen da gora da ciyawa ake yin su a kan turaku, saboda haka tayar da ƙauye gaba ɗaya bai zama babban aiki ba idan gonaki sun yi nisa, ko annoba ta faɗo, ko gidaje sun yi yawa wasu suka ɓalle. Sai dai kufan da aka bari ba ya rasa sunansa. A nan ne duwatsun tsafin kakanni suke, kuma nan ne shaidar cewa wannan ƙasa ta dangi kaza ce. Mu ma mun san Sabon Gari da Tsohon Gari, amma a wurinsu tsohon ne yake riƙe da hujjar mallaka ko da ya koma daji.

Maganar mallaka kuwa ita ce inda na fi shan mamaki, domin na tambayi abokina ɗan gidan wane ne shi, sai ya amsa mini da sunan dangin mahaifiyarsa. A wajen Garo ɗa da 'ya duk dangin uwa suke bi. Manyan rassan al'ummar su ne Sangma da Marak da Momin da Shira da Areng, kowane reshe kuma ya kasu zuwa tsatso-tsatso da ake kira ma·chong, wato waɗanda suka fito daga uwa ɗaya. Ƙasar ƙauye, da dazukanta da rafukanta, ana kiranta a·king, kuma ta wani ma·chong ce. A gidan da ya kafa ƙauyen akan zaɓi 'ya mace guda, galibi auta, ta zama nokna, ita ce mai gadon gida da ƙasa, mijinta kuma shi zai tare a gidan ya zama nokma, wato shugaban ƙauyen, idan lokaci ya yi. Kada mai karatu ya yi saurin fassara nokma da dagaci, domin amana yake riƙe wa matarsa da danginta, kuma yayyenta maza da kawunnanta suna da bakin magana a kan duk abin da ya shafi ƙasar. Saboda haka idan ana neman asalin ƙauyen Garo, jerin uwaye ake bi, wance ta haifi wance, har a kai ga matar da aka fara kafa turakun gidanta a bakin ruwan.

Game da asalin al'ummar baki ɗaya, abin da tsofaffinsu suka gada a baka shi ne daga ƙasar Tibet kakanninsu suka taso, ƙarƙashin jagorancin shugabanni irin su Jappa Jalimpa, suka gangaro kwari, suka yi zaman wucin gadi a wurare daban-daban inda sarakuna suka riƙa korarsu, har suka ƙetare kogin Brahmaputra, wanda su ke kira Songdu, a wajajen Jogighopa. Labarin ya ce itatuwan ayaba suka ɗaɗɗaure suka hau suka haye. Wani jami'in Ingila mai suna Playfair ya rubuta wannan labari a littafinsa na shekarar 1909. Masana harshe sun sanya harshen Garo a cikin dangin harsunan Tibet da Bama, kusa da Boro da Rabha da Dimasa, wanda hakan ya yi daidai da cewa daga arewa ko gabas tushensu yake, ko da yake dangantakar harshe ba ta zana wa kowa hanyar da ya bi da ƙafa.

Itacen ayaban nan ya sake fitowa a tarihin Chisobibra kanta, kuma a nan ne ƙauyen ya shiga littattafai. Turawan Ingila sun daɗe da mallakar kwarin Assam da na Bengal, amma tsakiyar tsaunukan Garo ta gagare su, mazauna can kuma sukan kai hari kwari su koma da kawunan mutane, abin da masu tarihin Garo na yau ba sa ɓoyewa. A shekarar 1866 aka naɗa Laftanar Williamson ya kula da tsaunukan, ya kafa mazauninsa a Tura. Bayan da aka kashe wani ɗan dako na ayarin safiyo a 1871, sai gwamnati ta yanke shawarar murƙushe ƙauyukan da suka rage, a ƙarshen 1872 ta aika runduna uku, ɗaya daga Tura, ɗaya daga arewa, ɗaya daga kudu, da nufin su haɗu a tsakiyar ƙasar. Mayaƙan Garo, a ƙarƙashin wani jarumi mai suna Togan Nengminja Sangma, suka auka wa sansanin sojojin a wurin da ake kira Matcha Rongkrek, a Chisobibra. Makamansu takobi ne mai baki biyu da suke kira mil·am, da mashi, da garkuwa. Abin da ake faɗa a bakin jama'a shi ne Togan ya lura cewa ƙarfe mai zafi yana hucewa idan aka soka shi a jikin ayaba mai ruwa, sai ya yi tunanin harsashi ma zai huce, ya sa aka yi garkuwa da ita. Harsashi ya ratsa ayaba, Togan ya faɗi ranar 12 ga Disamba, 1872, kuma ba a jima ba sauran ƙauyukan suka miƙa wuya.

Na ji wasu suna ba da wannan labari da sigar ba'a, ni kuwa ban ga abin dariya a ciki ba. Mutum ne da ya ga wani sabon makami, ya auna shi da ilimin maƙera da yake da shi, ya fito da dabara, dabarar ta ci amanarsa. Sunansa ma darasi ne a kan abin da na faɗa a baya, domin Nengminja tsatson mahaifiyarsa ne, Sangma babban reshen da tsatson yake ciki, "Pa" da ake sa masa a gaba kuwa uba ke nan, don girmamawa.

Daga zuwan Turawa sai sunaye suka shiga hannun masu rubutu, kuma wanda ya san yadda Sakkwato ta koma Sokoto a takarda ba ya buƙatar dogon bayani. Mutanen Tura suna cewa asalin sunan Dura ne, daga Durama, abar bautar da aka yi imani tana zaune a kan tsaunin, kunnen Bature ne ya mayar da shi Tura. Ƙarshen nan "gre" aka riƙa rubuta shi "giri", sai ga Rongrenggiri da Dadenggiri da Damalgiri a taswira. A ganina malaman ofis 'yan kwari sun taimaka wajen wannan, domin a harsunansu "giri" tsauni ne, sai kalmar ta zauna musu daidai a kunne alhali ma'anarta ta sauya. A gefen tsaunukan kuma, inda Garo ke cuɗanya da Bengali da Assam a kasuwanni, sunayen kwari ne suka yi rinjaye: "para" unguwa ce, kamar a Resubelpara, "pathar" fili ne na noma, kamar a Mendipathar, inda jirgin ƙasa ya fara shiga jihar a 2014. Baghmara da harshen Bengali yana nufin inda aka kashe damisa, alhali damisa a bakin Garo "matcha" ce, kamar yadda take a Matcha Rongkrek. Shi kansa Simsang da zarar ya tsallaka iyaka sai ya zama Someshwari.

Sauyi mafi girma a kusa da Chisobibra ya zo ne bayan samun jihar Meghalaya ranar 21 ga Janairu, 1972. A 1976 aka ƙirƙiro gundumar Garo ta Gabas, aka kafa hedikwatarta a Simsanggre, aka sauya wa garin suna zuwa Williamnagar. Baƙo zai iya zaton Baturen da ya ci ƙasar aka karrama, amma wanda ake nufi shi ne Kyaftin Williamson Sangma, ɗan Garo, babban ministan jihar na farko. Duk da haka sunan da aka samu rabinsa na Ingilishi ne, rabinsa kuma "nagar" na Indiyanci, babu ko gaɓa ɗaya ta harshen mutanen da ake son ɗaukakawa, kuma na faɗa wa abokina cewa ni da an bar Simsanggre da ya fi mini. Ya yi murmushi ya ce tsofaffin ƙauyensu ai ba su taɓa daina faɗin haka ba idan za su kasuwa.

A 'yan shekarun nan an mayar da "gre" a rubutun sunaye da dama, kuma majalisar gundumar Garo mai cin gashin kanta, wadda aka kafa a 1952, ita ke riƙe da rajistar a·king da sunayen nokma, can ake kai ƙara idan dangi biyu sun yi jayayya a kan iyaka. Mafi yawan Garo yanzu Kirista ne, tun bayan da aka yi wa Omed da Ramke, Garo biyu na farko da suka karɓi addinin, baftisma a 1863 aka kuma kafa cocin farko a Rajasimla a 1867, amma gadon ƙasa ta wajen uwa bai gushe ba. Chisobibra kuwa tana nan da sunanta na ƙorama, tafiyar 'yan kilomita daga Williamnagar, an gina wa Pa Togan wurin tunawa a bakin Simsang, kuma kowace ranar 12 ga Disamba hutu ce a jihar Meghalaya, jami'ai da 'yan makaranta sukan taru a wurin su ajiye furanni.