Tsatsar da ake saye da wadda ake gudu

Mahaifina maƙerin farfaru ne, azurfa ya yi ta narkawa har ƙarfinsa ya ƙare. Da na gaji rumfar, nan kusa da babbar kasuwar Maradi, sai na koma sayen tsofaffin kuɗin ƙarfe ina sayar wa masu tara su, wasu daga Yamai, wasu daga Kano. Yara biyu ke taya ni, kuma farkon abin da na koya musu shi ne riƙon kuɗi ta gefe, don gumin yatsa na barin tabo.

Kwabo mai huda da anini, masu tauraro mai tsini shida, waɗanda Turawan Ingila suka fara bugawa a 1907, su suka fi zuwa mana. Maradi da Katsina ba nisa, kuɗin can bai taɓa rasa hanyar shigowa ba. Akwai tammar sanholo ta 1948 mai kan barewa. Sai liyari, mai hoton Mariya Tereza ta Ostiriya, wajen giram 28. Kowanne ka ɗauka 1780 za ka gani a jikinsa, ko da shekara ɗari bayan haka aka buga shi.

Bara wata Hajiya ta kwance min liyari shida daga bakin mayafinta, gadon kakarta. Suna ta ƙyalli kamar sabon kwano, gabana ya faɗi. Na ce, "Hajiya, me aka yi musu?" Ta ce, "Ai ɗan nan, kwana biyu jikata na dirzar su da toka da lemun tsami, kada in kawo maka kaya da dauɗa." Na miƙa mata gilashin ƙara girma, ta ga kuncin sarauniyar duk ƴan siraran zane. Baƙin nan da aka kankare, shi mai tarawa ke biya wa kuɗi. Farashin nauyin azurfa kawai na iya ba ta, ta tafi ranta babu daɗi.

Ni ma ba yau na waye ba. Ina sabon shiga na jiƙa tamma goma a ruwan kanwa, na manta kanwa na cin sanholo. Da safe fuskar barewar ta yi furu-furu.

Yanzu aikinmu ruwa ne da haƙuri. Tataccen ruwa muke sa wa, irin wanda ake ƙara wa batir, amma a tabbata ba mai asid ba ne. Kuɗin ya kwana a ciki, kullum a sauya ruwan, wani har mako uku. In ƙasar ta yi laushi, a ɗaga ta a hankali da jiƙaƙƙen tsinken sakace. Ba a gogewa da tsumma, ɗorawa ake a danna ya tsotse ruwan, don ƙwayar rairayi guda ta isa ta ja zane. Maiƙo ko gam kuwa, asiton zalla a kwalba, wato wani sinadari mai narkar da su, ƙofa a buɗe, nesa da wutar mai shayi.

Kore iri biyu ne a kan tagulla. Mai tauri da santsi kariya ne, ba ma taɓa shi. Mai gari-gari, wanda ke fita a ɗan yatsa, gishiri ne da laima suka haɗu suna cin ƙarfen, kuma ba ya tsayawa da kansa. Wannan ware shi muke nan take, a cire garin, a jiƙa da daɗewa, a busar sosai, a sa a ambulan ɗin takarda. Leda mai laushi ita ma takan haifar da kore mai yauƙi, shi ya sa na hana ta shiga akwati.

Da damina ta kankama, wajen Agusta, duk Asabar sai mun buɗe akwatunan mun duba ɗaya bayan ɗaya, mu sauya ƴan ƙullin tsotse laima, irin waɗanda ke zuwa cikin kwalin sabon takalmi.