Mazhaba biyu a kan mara lafiya ɗaya

Aikin jinyar damuwa ta hanyar tattaunawa yana da mazhabobi, kuma mabiyansu ba su cika shan inuwa ɗaya ba. Mu a jami'a kan tafarkin Aaron Beck, likitan ƙwaƙwalwa ɗan Amurka, aka ɗora mu, wato CBT: a duba tunanin da ke addabar mutum yau, a auna shi da hujja, a ba shi aikin da zai yi a gida. Likitan da ke duba aikina a asibiti kuwa mabiyin mazhabar Sigmund Freud ne, mai ganin cewa ciwon yau tun daga ƙuruciya ya yi saiwa, don haka sai an saurara an yi haƙuri.

Kan wata baiwar Allah muka saɓa. Mijinta ya rasu, barci ya ƙaurace mata, tana ta zargin kanta da jinkirin kai shi asibiti. Na ba ta takardar rubuta tunaninta, ta dawo da ita cike da ajami har baya. Da na nuna masa, sai ya ce, "Malam, don ta amfana ka ba ta takardar nan, ko don ka huta da kukanta?" Na ce, "Ranka ya daɗe, da kuɗin motar aro take zuwa daga ƙauye, ba ta da shekara biyun da za ta ba mu a bi hanyarku ta haƙuri." Tambayarsa tana da nauyi, amsata ma haka.

Abin da na fahimta shi ne muhawarar ba ta tsaranni ba ce, tunda shi ke sa hannu a takardar kammala horo. Shi ya sa ɗalibai da yawa ke yin abu ɗaya a ɗakin ganawa, su rubuta wani daban a rahoto don faranta wa malami. Wannan ya fi gardamar tayar min da hankali, domin malamin yana ba da shawara ne a kan jinyar da ba a yi ba, mara lafiya kuma shi ke kwana a ciki.

Tarihin fannin bai goyi bayan taurin kai ba. Beck kansa a mazhabar Freud ya yi horo, bincikensa kan ciwon damuwa ne ya fitar da shi a shekarun 1960. A 1979 masanin halayyar ɗan Adam Edward Bordin ya ce jinya na tsayuwa ne kan yarda da manufa ɗaya, da aiki ɗaya, da aminci tsakanin mutum biyu, a 1983 kuma ya ce haka ake bukata tsakanin ɗalibi da mai duba aikinsa. Sannan duka mazhabobin ba don mu aka gina su ba. Matar nan da ƙaddara take fassara rashinta, tana kuma shan rubutu. Marigayi Malik Badri, masanin halayyar ɗan Adam na Sudan, ya daɗe da jan kunnen masana Musulmi kan kwafo ilimin Turai ido rufe, Thomas Lambo, likitan ƙwaƙwalwa ɗan Najeriya, kuma tun 1954 ya kafa tsarin jinya a ƙauyukan Aro da ke Abekuta, har da masu maganin gargajiya a ciki.

Daga baya muka yi yarjejeniya: in rubuta ainihin abin da na yi, shi ya rubuta inda bai yarda ba, mu waiwaya bayan wata ɗaya. Na ci gaba da ba ta takardar, amma bisa shawararsa nakan bar ta ta gama maganar mijinta kafin mu buɗe ta. Har na bar asibitin bai karɓi CBT ba, ni ma ban koma mazhabarsa ba.