Inda na kai a awara da naman alkama

'Yan'uwa masu koyo, barkanmu da ƙoƙari. Tun da na ajiye nama da madara da ƙwai, awara ce ta fi cin lokacina, kuma alhamdu lillahi hannuna ya fara faɗawa.

Abin da na gano shi ne, kyan awara yana ga zafin madarar waken suya a lokacin da tsami ya shige ta. Bayan an jiƙa waken suya ya kwana, an markaɗa an tace, dole madarar ta tafasa sosai, domin ɗanyen waken yana da wani sinadari da ke hana ciki narkar da furotin, kuma wuta ce ke kashe shi. Amma kada ku zuba tsami tana tsakiyar tafasa. Ku sauke ta huce kaɗan, ta dawo wajen digiri 75 zuwa 80, sannan ku zuba a hankali, ku juya sau ɗaya ko biyu, ku rufe tukunya ku ba ta minti goma sha biyar. Yawan juyawa shi ke farfasa ta. In ruwan da ya taso ya yi garau, ta kama. In har yanzu fari ne, tsamin bai isa ba.

Shi ma abin daskararwar yana sauya ta. Lemun tsami yana ba da awara mai ɗan gari-gari da ɗanɗanon tsami. Japanawa suna amfani da nigari, ruwan ɗacin da ke saura bayan an cire gishiri daga ruwan teku. Ni dai na fi karkata ga garin kalsiyam salfet irin na abinci, saboda awararsa ta fi laushi, kuma tana ɗauke da kalsiyam, abin da wanda ya bar madara yake matuƙar buƙata.

Ga mai kewar tauna nama, ga dabara: ku sa awara a firiza ta ƙanƙare, ku fito da ita ta narke, ku matse. Ƙanƙarar tana barin ƙananan ramuka a cikinta, sai ta yi tauri ta riƙa shan romo kamar soso. Wannan kaɗai ya rage mini kewa fiye da duk wani abin kwaikwayon nama na cikin leda.

Naman alkama kuwa sabo ne a wurina. Tsohuwar sana'a ce a Sin, inda mabiya addinin Buddha da ba sa cin nama suka daɗe suna yin sa. Za ku kwaɓa fulawa da ruwa, ku bar ta ta huta, sannan ku yi ta wanke kwaɓin cikin ruwa har sitacin ya fita, ya bar danƙo zalla. Wannan danƙon shi ne furotin ɗin alkama. A dafa shi cikin romo mai kayan ƙamshi a kan wuta ƙasa-ƙasa, don in ruwan ya zaɓalɓala zai kumbura ya yi fanko. Abu biyu nake so mu riƙe: wanda jikinsa ba ya karɓar danƙon alkama ya nisance shi baki ɗaya, sannan furotin ɗinsa yana da ƙarancin laisin, ɗaya daga cikin sinadaran da ke gina furotin, don haka a riƙa haɗa shi da wake a abincin yini domin cike giɓin.

Kwaikwayon cuku har yanzu bai gamsar da ni ba, na ɗan ajiye shi gefe.

Da yawanku sun yi kukan kumburin ciki a farkon sauyi. Wake yana da wasu nau'o'in sukari da ba ma iya narkarwa, sai ƙwayoyin bakteriyar da ke cikin hanji su ci su fitar da iska. Ku jiƙa, ku zubar da ruwan jiƙon, ku dafa ya nuna luguf, ku ƙara yawan da kuke ci sannu a hankali. Ciki yana sabawa. Sinadarin ƙarfe na tsiro ma ba ya shiga jini da sauƙi kamar na nama. Matsa lemu ko cin tumatir tare da abincin yana taimakawa, shayi kuma yana hanawa, don haka ku ba shi tazara.

Maganar da ba na so kowa ya yi wasa da ita ita ce bitamin B12. Ƙwayoyin bakteriya ne ke yin sa, kuma babu tsiron da za a dogara da shi a samu. Baligi yana buƙatar kusan mikrogiram 2.4 a rana. Hanta tana iya ajiye shi na shekaru, shi ya sa mutum zai daɗe yana jin garau alhali ajiyar tana ƙarewa, sai ƙarancin jini da mutuwar yatsu da lalacewar jijiyoyi su biyo baya. Duk iya awarar da muka yi ba za ta rufe wannan gurbi ba. Ku sha ƙwayarsa ko ku ci abincin da aka ƙara masa shi, mai ciki da mai shayarwa kuma su ga likita tun da wuri.

Abin da ke gabana yanzu shi ne tempe na mutanen tsibirin Jawa a Indunusiya: dafaffen waken suya da ake barbaɗa wa irin wata farar fumfuna, a ajiye a ɗumi wajen digiri 30 na kwana ɗaya zuwa biyu har ya haɗe ya zama dunƙule. Riƙe wannan ɗumin daidai cikin dare shi ne nake nazari a kai. Wanda ya riga ni gwadawa a cikinku, don Allah ya faɗa mini yadda ya yi.